Yadda Hambali Mai Guga Ya Ƙwato Ragonsa da Yaƙi

Godiya ta tabbata ga Wanda ya raba kyauta tsakanin bayinsa, ya ba waɗansu dukiya, ya ba waɗansu hankali, ya bar waɗansu da wayar hannu. Bayan haka, wannan tarihin gwarzo ne ɗan gwarzo jikan gwarzo, Hambali ɗan Sallau mai awon hatsi, ɗan Nakande dillalin gyaɗa, ɗan Barau wanda ya bi fatake zuwa Gwanja da jakuna ya dawo da goro da ciwon baya, zuriyar da ba ta taɓa shiga kasuwa ta fito ba tare da kasuwar ta san an shige ta ba. Kakansa Nakande in ya cusa hannu a buhun gyaɗa sai ya faɗi inda farashi zai kai bayan kaka. Ubansa Sallau in ya dubi fuskokin manoma a bakin kasuwa ya san ko gero zai tashi. Waɗannan mutane sun taɓa abin da suke sayarwa, sun shinshina shi, sun ɗauke shi a ka. Shi kuwa Hambali, ma'abocin dutsen guga, sadaukin sitati da bula, mai ladabtar da wuyan riga, mai fitar da kari a wando kamar kaifin takobi, wanda shagonsa na wanki da guga yake bakin hanyar kara, kasuwar dabbobi, a Malumfashi, sai aka ƙaddara masa cinikin abin da bai taɓa gani da idonsa ba.

Sunan wannan ciniki foreks. Mutum yakan zuba kuɗinsa a wata manhaja ta waya, ya yi hasashen kuɗin wata ƙasa zai hau kan na wata ko zai sauka. In ya dace a ƙara masa, in bai dace ba a yanka daga abin da ya zuba. Manhajar kuma tana ara wa mutum ƙarfin da ba nasa ba, ta bar shi ya ɗauki kayan da suka ninka jarinsa, saboda haka in farashi ya yi ɗan tuntuɓe, shi faɗuwar ƙato yake yi. Fagen famar taswira ce a kan baƙin allo, inda waɗansu 'yan sanduna da ake kira kyandirori suke jeruwa daga hagu zuwa dama, kore in farashi ya hau, ja in ya sauka. Runduna biyu ke nan da ba su taɓa yin sulhu ba, kuma ba su san da zaman Hambali a duniya ba.

Malaminsa a wannan fanni wani ne da ake kira Oga Kyandir, mai karantarwa a wani zauren waya, wanda babu mutumin Malumfashi da ya taɓa ganinsa sai a hoto, jingine da wata mota da ba a tabbatar tasa ce ba. Shi ne ya koya wa almajiransa cewa a ƙarƙashin kowane farashi akwai wani layi da ake kira ganuwa, inda Jajaye suke zuwa su tsaya, Koraye su taso daga nan. Wanda ya gano ganuwa ya saya a gindinta, ya gama da talauci. Ya ce ba kowa ke ganinta ba, sai wanda idonsa ya buɗe, kuma in ido ya buɗe mutum zai riƙa ganin layi a ko'ina. Ya kuma ce matsoraci ne ke kallon lissafin riba da asara, jarumi taswira yake kallo. Hambali ya haddace wannan karatu fiye da yadda ya taɓa haddace wani abu a makarantar allo.

Ran nan da hantsi yana juya wata shadda a kan tebur, gefen rigar ya share wayar ta faɗi a siminti. Ya ɗauka, ya goge da hannun riga, ya ga tana aiki, ya yi hamdala. Da ya buɗe taswira sai ga wani siririn farin layi, miƙaƙƙe kamar an ja shi da rula, ya ratsa allon daga gefe zuwa gefe, can ƙasa kusa da gindi. Gilashin wayar ne ya tsage. Iyakar gaskiyar ke nan, kuma duk wanda ya shafa da farce zai ji. Hambali bai shafa ba.

Zama ya yi ya zuba wa layin ido. Jajaye suka gangaro, suka zo dab da shi, ba su ƙetare ba. Ya buɗe taswirar fam ɗin Ingila, haka. Ya buɗe ta kuɗin Japan, haka. Ya buɗe ta zinariya, nan ma babu kyandir ɗaya da ya isa ya sa ƙafa a bayan layin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manhajar tana daidaita hotonta da girman allo, duk inda farashi ya faɗa sai ta matsar da hoton, ta bar kyandir mafi ƙasa ɗan sama da gindin allon don mai kallo ya gan shi, tsagar kuwa tana cikin wannan 'yar tazarar da aka bari. Ko da kuɗin Turawa zai faɗa rijiya ba zai ƙetare ta ba. Da yamma Hambali ya buɗe hoton matarsa Saude, ya ga layin ya ratsa ta wajen gwiwa. Zai kira mai kawo masa gawayi, ya ga layin a ƙarƙashin lambar. Sai ya tuna maganar Oga Kyandir, tsikar jikinsa ta tashi, ya tabbata idonsa ya buɗe.

Cikin waɗannan kwanaki Saude ta sauka lafiya, ta haifi mace bayan jerin maza. Tun cikin yana ƙarami Hambali yake tara kuɗin ragon suna, riga bayan riga, wando bayan wando, har suka cika. Ragon ma ya zaɓe shi, wani fari mai baƙin zobe a ido, yana ɗaure a turken Cindo dillali a kara. Cindo ya yarda ya riƙe masa shi har faɗuwar rana ranar jajiberin suna. Ya ce rana na faɗuwa rago na mai kuɗi a hannu ne, domin akwai wani mahauci da yake ta zagayarsa. Da Hambali ya kai kuɗin a ranar da suka cika, da babu wannan tarihi. Amma da masu barka suka taru a ƙofar shagonsa, wani ya ambaci maƙwabcin da ya yanka raguna biyu a sunan ɗansa, sai Hambali ya ajiye dutsen guga, ya dubi jama'a, ya ce 'yarsa ba rago ba, sa za a yanka mata. Babu wanda ya nemi sa a wurinsa. Shari'a ba ta nema ba, al'ada ba ta nema ba, jaririyar ma nono kawai take nema. Girman kai ne, kuma girman kai bai taɓa tambayar mutum abin da ke aljihunsa ba.

Da gari ya waye ranar jajibere, amirul jaishi Hambali, sarkin yaƙi, ya yi wanka, ya shafa turare, ya karkata hula, ya shiga sansaninsa tsakanin duron ruwa da tarin kayan mutane da ya jiƙa, ya hura gawayi don kada a ce ya bar sana'a, sa'an nan ya zuba kuɗin ragon kaf a cikin manhajar. Ya duba taswirar yuro da dala, ya ga Jajaye sun kusa gindin ganuwa, ya yanke hukuncin yuro zai hau. Manhajar tana da wani birki da ake sawa, wanda in asara ta kai iyakar da mutum ya zaɓa sai cinikin ya rufe da kansa. Hambali ya ƙi sawa, ya ce mai ganuwa ba ya bukatar birki. Ya yago farin salatif ɗin da yake liƙa wa kayan mutane yana rubuta sunayensu, ya liƙe wurin da lissafin riba da asara yake fitowa, don kada idonsa ya kai can ya shiga sahun matsorata. Ya ɗaga babban yatsansa, wanda zafin dutsen guga ya ƙeƙasar tsawon shekaru, ya yi kirari.

"Ni ne Hambali na Saude, ɗan Sallau mai mudu. Yau ko sa, ko sa."

Ya danna.

Ba a jima da buɗe fage ba sai ga Mati wanzam da zabirarsa a kafaɗa. Mati abokin Hambali ne tun suna yara, kuma shi zai yi wa jaririya aski gobe. A al'adar unguwarsu ragon suna rababbe ne tun kafin a yanka shi: karfata ta wanzami ce, wuya na mahauci, fata da kai na ungozoma, sauran kuma a soya wa maijego a raba wa dangi. Mati ya zo ne ya ga ragon da idonsa, ya auna karfatar da zai kai gida. Ya leƙa bayan shago, ya leƙa gindin dalbejiya, bai ga ko kashin rago ba.

"Angon ƙarni, ina ragon?"

Hambali ya nuna masa wayar. "Yana nan ciki. Kiwo yake yi."

"A waya ake kiwo yanzu? Me yake ci?"

"Dala."

Mati ya ajiye zabira, ya zauna a benci, ya ce to zai jira ya ƙoshi. Hambali ya yi masa bayanin ganuwa dalla-dalla, ya ce tun da idonsa ya buɗe bai ga ranar da aka ƙetare ta ba, kuma gobe karfatar sa Mati zai ɗauka, sai ya nemi baro. Mati ya ce shi dai a duk shekarunsa na aski bai taɓa cin naman da ya fito daga caji ba, amma ba zai yi musu da mai ilimi ba.

Nan fa aka yi gumurzun da ba a taɓa yin irinsa a hanyar kara ba. Rundunar Ja ta gangaro daga saman allo sahu-sahu, manyansu da ƙananansu, kowanne da ɗan siririn mashinsa a ƙasa, suna tura Koraye gabansu kamar ambaliya ta samu tarin kara. Wani ɗan Kore ya miƙe zai yi turjiya, guntu ne, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, aka tattake shi. Wani Jan barde dogo ya biyo baya, ya sauko da ƙarfin da ya sa hoton gaba ɗaya ya girgiza ya matsa, amma da ƙura ta lafa sai ga shi tsaye ɗan sama da layin nan, layin kuwa yana nan fari fes, ko gezau. Hambali ya bugi teburin guga har kwanon sitati ya yi tsalle, ya yi wa ganuwa kirari, ya kira ta uwar garuruwa, gagara-Turawa, katangar da ba a gina da laka ba. Gawayin dutsen guga ya cinye ya zama toka. Kayan mutane suna cikin ruwa suna jiran mai su. Rana ta hau, ta tsaya tsaka, Jajaye suna ta zuwa suna tsayawa, Hambali yana ta ƙirga nasara.

Bayan azahar wani malamin makaranta ya zo karɓar kaftaninsa. Hambali ya ajiye wayar ya fita ba shi haƙuri. Mati, wanda tun ɗazu farin salatif ɗin nan yake tsone masa ido, ya sa farce ya ɓare shi. Ya ga lamba ja, da wani ɗan layi a kwance a gabanta, alamar ragi. Wanzami ne, amma ya san kuɗin rago, ya kuma san abin da ya rage in an cire wani abu daga wani abu. Da Hambali ya dawo ya tarar da shi riƙe da wayar, fuska ba annuri.

"Hambali, fata ta tafi."

Hambali ya yi faɗa, ya ce wa ya sa shi buɗe wurin matsorata, ya ce wannan asarar hoto ce kawai, ba ta tabbata sai an rufe ciniki, kuma ga ganuwa nan tsaye kowa yana gani. Mati ya ce yana ganin ganuwa, amma yana kuma ganin lambar tana motsi kamar mitar gidan mai. Daga nan ya zama mai shelar sansani. Can ya ce kai ya tafi, ungozoma ta tashi a tutar babu. Aka jima ya ce wuya ya bi kai, a je a gaya wa mahauci kada ya wasa wuƙa. Hambali yana nuna layi, Mati yana nuna lamba, dukansu a allo ɗaya, kowa yana ganin gaskiyarsa. Da Mati ya ce an fara taɓa karfata, muryarsa ta sauya.

A daidai wannan lokaci rundunar da ta fi Jajaye kwarjini ta ɓullo ta bayan sansani. Iya Tasalla ce, mahaifiyar Saude, wadda ta zo daga ƙauye don wankan jego, mace gajera mai faɗin kafaɗa, wadda tun asuba ta sa an faskara itace, an wanke tukwanen suya, an daka yaji, mata sun cika gida suna tambayar ina ragon da za a gani. Hambali na hango mayafinta ya zube ƙasa ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, kamar yadda suruki yake yi. Ita ma kunyar surukuta ba ta bar ta ta dube shi ko ta kama sunansa ba. Ta amsa gaisuwarsa tana kallon duron ruwa, sa'an nan ta juya ga Mati.

"Wanzam, ka tambayi mutumin nan, ragon da ƙafarsa zai zo, ko sai an aika masa da mota?"

Hambali daga durƙushe ya fara bayani da ƙaramar murya, yana ambaton ganuwa da yuro da sa. Mati ya ga maganar ba za ta shiga ba sai an gani, ya matsa kusa da Iya, ya kwantar da wayar a gicciye don hoton ya yi faɗi tsohuwa ta gani da kyau. Hoton ya juya, kamar yadda hoton waya yake yi. Kyandirori suka juya, lambobi suka juya. Ganuwa ba ta juya ba. Sai ga ta tsaye cak daga sama zuwa ƙasa, ta ratsa ta tsakiyar runduna, Jajaye a damanta, Jajaye a hagunta, suna wucewa abinsu.

Iya Tasalla ta sa farcenta mai jan lalle ta bi layin daga farko zuwa ƙarshe, farcen yana ɗan ƙara.

"Wanzam, ka gaya wa mutumin nan gilashinsa ne ya tsage. Irinta ce a madubina."

Abin da ya faru a zuciyar Hambali a wannan lokaci ba ya bukatar ado. Ya ga gobe da safe, liman da dattawa zaune a tabarma, an raba goro, an yi addu'a, an juya ana neman abin yanka babu. Ya ga Saude a ɗaki tana jin mata suna raɗa. Ya fizge wayar daga hannun Mati ya danna wurin rufe ciniki, don ya tsira da abin da ya rage ko da akuya ce. Wata 'yar da'ira ta fito tana juyawa. Sabis ya ɗauke.

Sai aka yi sukuwar da mutanen hanyar kara suke ba da labarinta har yau. Sadaukin sitati ya fita daga sansani da gudu, waya a sama kamar tuta, ya nufi gabas bai samu ba, ya nufi gindin dalbejiya bai samu ba, ya dawo ya taka duron ruwa, duron ya kife, ruwan bula ya malala har bakin titi. Daga duro ya kama katanga, daga katanga ya haye rufin shagon, inda kwano ya sha rana tun safe, ya tsaya a kai ba takalmi yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya, yana miƙa wayar ga sararin sama ta kowace kusurwa. Mati wanzam, wanda rabonsa da hawa wani abu da ya fi benci tun yana saurayi, ya bi shi, domin karfatarsa tana can sama. Masu acaɓa suka tsaya. Mai rake ya bar rakensa. Wani ya tambaya ko gobara ce, wani ya ce a'a, wata ake dubawa. Iya Tasalla ta zauna a benci, ta ɗauki maficin hura gawayi tana fifita.

An ce a daidai wannan lokaci, a can wata ƙasa mai sanyi, wani mutum mai kwat da ke shugabantar wani babban banki ya tsaya gaban 'yan jarida ya faɗi waɗansu kalmomi da ba su yi wa masu riƙe da dala daɗi ba. Bai san Hambali ba, bai san Saude ta haihu ba. Da sabis ya dawo a kan rufin, da'irar ta ɓace, umarnin rufewar bai shiga ba, sai ga wani Koren kyandir ya taso daga ƙasa, dogo kamar giginya, wani ya biyo shi, wani ya hau kansa. Mati ya kafa ido a lamba yana shela: karfata ta dawo, wuya ya dawo, ga kai, ga fata. Jar lambar ta ragu, ta ragu, ta zo sifili, ta rikiɗe kore da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Rago ya tsaya da ƙafafunsa huɗu.

A nan ne ya kamata mai hankali ya danna ya sauko. Hambali bai danna ba. Mutumin da ɗazu yake roƙon Allah ya bar masa ko akuya, yanzu yatsansa ya tsaya a sama, idonsa yana bin Koren nan, yana hango ƙaho da tozo.

"Mati, ka ga yadda yake tafiya? Bari ya ɗan ƙara. Ko maraƙi ne."

"Ka yi maraƙinka ranar da ba ni da rabo a ciki."

Mati ya kama wuyan hannunsa da irin riƙon da yake yi wa ƙeyar ƙato in zai kafa masa ƙaho, riƙon da ba a taɓa kuɓuce masa ba, ya lanƙwasa babban yatsan nan ƙeƙasasshe, ya danna shi a kan gilashi da ƙarfi. Ciniki ya rufe. Masu ba da tarihi sun saɓa a kan abin da taswirar ta yi bayan haka. Hambali yana cewa Koraye sun ci gaba da hawa har inda sa yake, Mati ne ya yanka masa arziki. Mati yana cewa kafin su sauko daga rufin Jajaye sun dawo sun share fagen. Babu wanda ya duba, domin cajin wayar ya kusa ƙarewa, kuma akwai sauran aiki.

Kuɗin da ya shiga manhaja cikin ƙiftawar ido bai fito haka ba. Hambali ya tsaya a rumfar mai cirar kuɗi, tafin ƙafarsa yana raɗaɗi, yana kallon waya yana kallon rana, inuwa tana ta tsawo. Da saƙon ya shigo, manhaja ta riga ta yanki ladanta, mai rumfa ya yanki nasa, 'yar ribar nan ta tafi har ta ɗan taɓa uwar kuɗi. Ya zazzage aljihunsa, ya haɗa da ɗan canjin gugar jiya, ya runtuma kara. Ya tarar da rana ta yi ja a kan rumfuna, mahaucin nan ya riga ya ɗora hannu a gadon bayan farin ragon yana latsawa, Cindo kuma yana kallon yamma da ido ɗaya. Hambali ya zube kuɗin a hannunsa yana haki. Cindo ya duba, ya ce sun cika cif, Allah ya raya abin da aka samu. Sa'an nan ya sunkuya ya kwance igiyarsa daga wuyan ragon, ya naɗe ta a hannu, ya ce rago ya sayar, igiya ta turke ce. Ga mai igiya can yana tattara kaya. Mai igiya ya ce ba ya ba da kaya sai da kuɗi, balle da magariba. A aljihun jikan Nakande babu ko sisi.

Ya tsaya riƙe da ƙahon rago, ya dubi gabas ya dubi yamma. Sa'an nan ya juya wa jama'a baya, ya ɗaga taguwarsa, ya zare mazagin wandonsa, ya ɗaura a wuyan ragon.

Haka mai nasara ya shigo gari, hannun dama riƙe da rago, hannun hagu riƙe da ƙugun wando ta cikin aljihun riga, yana tafiya da ɗan gajeren taku irin na mai ɗauke da cikakken kwano. Masu fita daga masallaci suna miƙo masa hannu suna barka, yana ba su gwiwar hannu. Waɗansu suka tambaye shi ina sa ɗin, ya ce yana hanya. Ragon kuwa bai san darajar wanda yake ja ba, duk inda ya ga ɓawon rake sai ya tsaya.

A ƙofar gida Iya Tasalla tana tsaye da mata, Mati yana gefe da zabirarsa. Suruki ba ya wuce surukarsa a tsaye, saboda haka Hambali ya fara lanƙwasa gwiwa zai durƙusa. A daidai nan wata mata ta juye ruwa a tukunyar suya mai zafi, ta yi ƙara, ragon ya firgita ya zabura ya nufi titi da dukan ƙarfinsa. Mazagi siriri ne, ya fara zamewa daga hannu ɗaya. Hannu biyu ake bukata, kuma ɗayan yana da aiki. Ɗan Sallau ya yi shawarar da ta fi duk wadda ya yi tun safe. Ya saki wando ya kama rago.

Allah ya sa taguwar doguwa ce. Mata suka juya fuska, mayafai suna girgiza. Iya Tasalla ba ta dubi ƙasa ba, ba ta dubi sama ba, ta zagayo ta latsa gadon bayan ragon, ta ɗaga leɓensa ta duba haƙora, ta ce ba laifi, a shiga da shi a ba shi dusa.

Washegari aka raɗa wa yarinya suna Rumasa'u, liman ya yi addu'a, aka yanka. Mati ya tafi da karfata, mahauci da wuya, ungozoma da kai da fata, Saude ta ci soyayyen nama har ta aika wa maƙwabta. A nan tarihin ya tsaya, kuma Allah ne mafi sani. An kifar da duro, an ƙona tafin ƙafa, an tara jama'a a titi, ganimar da aka dawo da ita daga wannan babban yaƙi kuwa rago ɗaya ne, wanda dama nasa ne.